Yadda Ake Koyon Binciken Jin Ra'ayi Kan Fasahar Koyarwa da Ƙwazon Cibiya

Duk cibiyar da ta zuba kuɗi a kan manhajar koyarwa, makaranta ce, jami'a ce, ko kamfanin da ke horar da ma'aikatansa ta intanet, akwai ranar da shugabanni za su tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Galibi takardar tambayoyi ake rabawa, mutane su cike, a tattara a lissafa. Ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin ilimi da na gudanarwa ma da yawansu ta nan ayyukansu suke bi. Hanya ce mai sauƙin kuɗi, kuma tana kai ka ga ɗaruruwan mutane cikin 'yan makonni. Sai dai tana da wata iyaka da ya kamata mai koyo ya riƙe tun ranar farko: abin da mutane suka faɗa take kawo maka, kuma abin da suka faɗa yakan sha bamban da abin da ya faru. Yawancin aikin da ke ƙasa ƙoƙari ne na rage wannan tazara.

Don mu samu abin kamawa, mu ɗauka akwai wata kwaleji mai ma'aikata 500 da ta fara amfani da Moodle, wata manhajar koyarwa ta intanet, shekara biyu da suka wuce, kuma kai aka ɗora wa gano ko hakan ya gyara aikin kwalejin. Misali ne kawai, amma da shi za mu bi matakan.

Mataki na ɗaya: tsayar da tambayar bincike

Masu koyo da yawa Google Forms suke fara buɗewa su hau jera tambayoyi. Ka bar wannan sai can gaba. "Tasirin fasahar zamani a kan ƙwazon cibiya" take ne kawai, babu yadda za a auna shi a haka. Ka matse shi: wace fasaha, su wa ke amfani da ita, wane ɓangaren aiki ake sa ran ta gyara, kuma cikin wane lokaci? A kan kwalejinmu za ka iya fitowa da wani abu kamar haka: shin malaman da suka fi amfani da Moodle wajen karɓar aikin gida da mayar da gyara sun fi saurin miƙa sakamakon jarrabawa a zangon da ya wuce?

Daga nan ka ɗauki farar takarda ka zana jadawalan da kake so su fito a rahoton ƙarshe, da kanunsu, babu alƙaluma a ciki. Duk tambayar da ba ta cike gurbi ko ɗaya a waɗannan jadawalai ba, ba ta da gurbi a takardar tambayoyinka. A nan ne kuma za ka gane ko ma wannan hanyar ce ta dace da kai. Idan abin da kake nema shi ne dalilin da ya sa wasu malamai suka yi watsi da manhajar bayan wata uku, zama da mutum goma ana hira ya fi maka amfani a kan takarda ɗari uku.

Mataki na biyu: duba ma'aunan da aka riga aka gina

Ba kai ne na farko da ya so auna yadda mutane ke karɓar fasaha ba. A 1989 Fred Davis ya fitar da tsarin da aka fi sani da TAM, wanda ya ce abu biyu ne ke kan gaba wajen sa mutum ya rungumi wata fasaha: ganin tana da amfani ga aikinsa, da ganin tana da sauƙin sarrafawa. Kowanne ya ware masa jimloli shida na aunawa, kuma an gwada su a ƙasashe da yawa tun daga lokacin. A 2003 Venkatesh da abokan aikinsa suka haɗa tsare-tsare takwas suka fitar da UTAUT, wanda a cikin ginshiƙansa akwai tasirin mutanen da ke kewaye da mai amfani, da kuma ko cibiya ta tanadi abin da ake buƙata, kamar horo da intanet da wanda za a kira idan abu ya ƙi.

Ɗauko ma'aunin da aka gwada ya fi ƙirƙiro naka, matuƙar ka faɗi inda ka samo shi da abin da ka canza a ciki. Kana kuma iya koyon sana'ar rubuta tambaya kyauta daga manyan bincike na duniya. TALIS, binciken da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki, ke gudanarwa a kan malamai da shugabannin makarantu tun 2008, yana sakin takardun tambayoyinsa da bayanansa ga kowa. Ka sauko da ɗaya ka karanta a tsanake, ka lura da yadda suke ƙayyade lokaci da yadda suke jera zaɓin amsa.

Amma ka kula da wani kuskure da ya zama ruwan dare: TAM da UTAUT karɓuwar fasaha suke aunawa. Malami yana iya son manhaja ƙwarai, ya yi ta amfani da ita kullum, aikin kwaleji kuma yana nan inda yake.

Mataki na uku: yanke yadda za ka auna ƙwazo

A ganina nan ne bincike da yawa a wannan fanni ke karyewa, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Abin da aka saba yi shi ne a raba takarda gida biyu. Sashen farko ya tambayi ma'aikaci ko manhajar tana da amfani, sashe na biyu ya tambaye shi ko aikin cibiya ya inganta. Sai a lissafa, a ga alaƙa mai ƙarfi, a rubuta cewa fasaha ta ɗaga ƙwazo. To amma mutum ɗaya ne ya amsa duka biyun, a zama ɗaya, da irin ma'auni ɗaya, cikin yanayin zuciya ɗaya. Wanda ke jin daɗin wurin aikinsa zai yi ta zaɓar "na yarda" daga sama har ƙasa, wanda ransa ke ɓace da shugabanni kuma zai yi akasin haka. Wani kaso na alaƙar da ka gani daga halin mai amsa ya fito. Podsakoff da abokan aikinsa sun yi dogon nazari a kan wannan matsala a 2003, kuma masu tantance maƙaloli a manyan mujallu suna yawan tambaya a kanta.

Maganin da ya fi ƙarfi shi ne ka samo ƙwazon daga wani wuri daban. Kwalejinmu tana da rajista. Ofishin jarrabawa ya san ranar da kowane malami ya miƙa sakamako. An san ɗalibai nawa suka kammala kowane kwas, nawa suka janye. Shi kansa Moodle yana ajiye tarihin wanda ya shiga, da ranar, da abin da ya yi. Saboda haka ka bar wa takardar tambayoyi abin da ita kaɗai ke iya kawowa, wato ra'ayi, da horon da mutum ya samu, da cikas ɗin da yake fuskanta, ka ɗauko sauran daga rajista, ka haɗa su ta hanyar lambar sirri da ka ba kowane mai amsa. Idan rajista ba ta samuwa, aƙalla ka raba masu amsa: malamai su yi magana kan manhaja, shugabannin sassa ko ɗalibai su yi magana kan ingancin aiki. Idan wannan ma ya gagara, ka sa tazarar wasu makonni tsakanin sassan biyu.

Sai batun wane ƙwazo ake nufi. Tsarin da Kaplan da Norton suka gabatar a 1992 yana duba cibiya ta fuska huɗu: kuɗi, waɗanda ake yi wa hidima, yadda ayyukan cikin gida ke gudana, da koyo da bunƙasar ma'aikata. Idan horo ne kake aunawa, matakan Kirkpatrick huɗu sun fi dacewa: ko mahalarta sun ji daɗin horon, ko sun koyi wani abu, ko sun canza yadda suke aiki, ko cibiya ta ga sakamako. Takardar da ake rabawa a ƙarshen horo matakin farko kaɗai take taɓawa. Ba dole ba ne ka auna komai. Ka zaɓi ɗaya ko biyu ka auna su da kyau, ka kuma kira su da sunansu a rahoto.

Mataki na huɗu: rubuta tambayoyin

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda Rensis Likert ya gabatar a 1932: jimla, sai zaɓi biyar daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai". Kowane abu da kake aunawa ka ba shi jimloli uku zuwa shida, domin jimla ɗaya tana iya faɗawa hannun wanda ya yi mata wata fahimta daban.

Bari mu duba wata jimla kusa-kusa: "Manhajar tana da sauƙi kuma tana taimaka min wajen koyarwa." Malamin da yake ganin tana taimakawa amma tana ba shi wahala, me zai zaɓa? Duk abin da ya zaɓa, ba za ka san wane rabin ya amsa ba. Ka raba ta biyu. Duk inda ka ga "kuma" ko "da" a tsakiyar jimla, ka tsaya ka sake dubawa.

Ga wata: "Kana yawan amfani da Moodle?" Yawa a wurin wani kullum ne, a wurin wani sau ɗaya a mako. Ka ce: "A cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa ka shiga Moodle don aikin koyarwa?" Ka kuma gajarta lokacin da kake so mutum ya tuna. Babu wanda zai iya gaya maka sau nawa ya ɗora darasi a shekara guda, ƙiyasi kawai zai yi, kuma mutane sukan yi ƙiyasin da ya fi yi musu kyau.

Ka guji jimlar da ta riga ta nuna amsar da kake so, irin su "Tunda kwaleji ta yi ƙoƙari ta kawo wannan manhaja ta zamani, ka gamsu da ita?" Ka guji korewa biyu a jimla ɗaya. Ka tanadi gurbin "bai shafe ni ba" ga wanda aikinsa bai haɗa shi da abin ba, in ba haka ba zai zaɓi tsakiya, kai kuma ka ɗauka ra'ayi ne. Zaɓin shekaru kada su hau kan juna: 20 zuwa 30 sannan 30 zuwa 40 ya bar mai shekara 30 da gida biyu.

Ka fara da tambayoyi masu sauƙi da suka shafi batun kai tsaye, ka ajiye na shekaru da matsayi a ƙarshe. Tsawon kuma ya tsaya wajen minti goma zuwa sha biyar, domin mutum yana gajiya, kuma amsar wanda ya gaji ba ta da daraja.

Idan za ka fassara takardar zuwa wani harshe, ka bi hanyar da Brislin ya bayyana a 1970: mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, sannan a ajiye biyun a kwatanta. Inda ma'ana ta zame, nan za a gyara.

Mataki na biyar: zaɓen waɗanda za a tambaya

A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayi, da mutane ƙalilan in an kwatanta da wannan adadi, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga masu tarho da masu mota da masu sayenta, a lokacin da talakawa da yawa ba su da waɗannan, sannan waɗanda suka ɗauki wahalar mayar da amsa sun fi karkata ga Landon. Yawa bai cece ta ba.

Irin wannan tarko yana jiran mai binciken fasaha musamman. Idan ka liƙa adireshin takardarka a cikin Moodle, ko ka tura ta imel kaɗai, waɗanda suka saba da fasaha ne za su amsa. Malamin da bai taɓa shiga ba, wanda shi ne ka fi buƙatar jin ta bakinsa, ba zai ma san ana yi ba. Dole ka tanadi takarda ta hannu, ko ka je da waya ko kwamfutar hannu a cike a gabanka. Manhajojin tattara amsoshi irin su KoboToolbox da ODK suna aiki ba tare da intanet ba, su tura bayanan daga baya.

Ga yadda za ka yi a aikace. Ka nemi cikakken jerin ma'aikata daga ofishin kula da ma'aikata, ka tabbatar babu waɗanda suka bar aiki ko sunan da ya fito sau biyu. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya nuna cewa ga mutum 500 ana buƙatar 217, ga 1,000 ana buƙatar 278, kuma ko jama'ar ta kai miliyan adadin bai wuce 384 ba, idan ana son kuskuren da bai wuce maki 5 cikin ɗari ba a matakin tabbaci na kashi 95. Mu ce a kwalejinmu malamai 300 ne, ma'aikatan ofis 150, masu kula da na'urori 50. Ka raba 217 ɗin bisa girman kowane rukuni: 130, 65 da 22. A Excel ka sa wa kowane suna lambar ƙuri'a da umarnin RAND, ka jera daga ƙarama zuwa babba, ka ɗebi na sama. Idan kana son yin magana kan masu kula da na'urori su kaɗai, mutum 22 sun yi kaɗan, gara ka tambayi duka 50 ɗin, sannan ka daidaita nauyinsu wajen lissafin jimilla.

Ka tuna 217 adadin waɗanda suka amsa ne. Idan kana hasashen rabi ne za su amsa, 434 za ka aika wa, kuma a nan kusan gara ka aika wa kowa. Wannan jadawali kuma don ƙiyasin kaso aka yi shi. Idan lissafin alaƙa ko rigireshan za ka yi (rigireshan lissafi ne da ke duba alaƙar abubuwa da yawa da sakamako ɗaya a lokaci guda), manhajar G*Power, wadda kyauta ce, za ta fi ba ka adadin da ya dace.

Mataki na shida: gwajin share fage

Ka fara ba masana biyu ko uku su duba ko jimlolin sun rufe abin da ake son aunawa. Sannan ka zauna da mutum biyar zuwa goma irin waɗanda za su amsa, ɗaya bayan ɗaya, ka ce su karanta da ƙarfi su faɗi abin da suka fahimta kafin su zaɓa. Kada ka yi musu bayani, ka saurara kawai kana rubutawa. A nan za ka ji wani ya ɗauki "dandalin koyarwa" a matsayin rukunin WhatsApp na ajinsa, alhali Moodle kake nufi. Babu lissafin da zai tono maka wannan.

Bayan gyara, ka gwada a kan mutum kamar 30 da ba sa cikin waɗanda ka zaɓa, ka lissafa alfa ta Cronbach, wato lambar da ke nuna yadda jimlolin ma'auni ɗaya suka dace da juna, ga kowane ma'auni daban. An saba karɓar 0.7 zuwa sama. Idan ta haura 0.95, wataƙila abu ɗaya kake ta maimaitawa da kalmomi daban. Alfa tana nuna jimlolin suna tafiya tare ne kawai, ba ta tabbatar da cewa abin da kake nufi suke aunawa ba.

Mataki na bakwai: izini da tattara amsoshi

Ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da izinin cibiya a rubuce. Shafin farko ya faɗi wane ne kai, me za a yi da amsoshin, wa zai gani, da cewa mutum yana da 'yancin ƙin amsawa. Idan za ka haɗa amsa da rajista, ka faɗa a fili, ka kuma ajiye jerin da ke haɗa suna da lamba a wuri daban, kai kaɗai ke da mabuɗinsa.

Kada shugaban sashe ya zama mai rabawa ko mai karɓa. Ma'aikacin da ya san takardarsa za ta bi ta teburin maigidansa zai rubuta abin da maigidan ke son gani. Wajen rahoto ma ka kula: idan mace ɗaya ce a wani sashe, jadawalin da ya raba amsa bisa jinsi da sashe ya tona ta.

Ka aika sanarwa kafin takardar, sannan tunatarwa biyu ko uku a tsakanin makonni. Ka riƙa rubuta adadin da aka aika da wanda ya dawo a kowane rukuni. Daga ƙarshe ka kwatanta waɗanda suka amsa da jerin ma'aikata gaba ɗaya ta fuskar sashe da shekarun aiki, ka kuma kwatanta waɗanda suka amsa da wuri da waɗanda sai da aka yi ta bin su. Idan na ƙarshen sun fi nuna rashin gamsuwa, akwai alamar waɗanda suka yi shiru sun fi su rashin gamsuwa.

Mataki na takwas: tsaftacewa da lissafi

Ka ajiye kwafin asali da ba za ka taɓa ba. A kwafi na biyu ka nemi waɗanda suka zaɓi amsa ɗaya tun daga farko har ƙarshe, da waɗanda suka gama cikin lokacin da bai isa karatu ba, da amsar da ta shigo sau biyu. Ka juya lambobin jimlolin da aka rubuta a baibai, wato waɗanda yarda da su ke nufin akasin yarda da sauran jimlolin ma'aunin. Duk wanda ka cire, ka rubuta dalili.

A manhajojin lissafi SPSS ne aka fi sani, amma jamovi da JASP kyauta ne kuma sun isa wannan aiki, R kuma na wanda ke son ya yi nisa ne. Kafin kowane gwaji, ka kalli yadda amsoshin suka bazu. Matsakaicin 3.0 yana iya nufin kowa yana tsakiya, yana kuma iya nufin rabi sun zaɓi 1 rabi sun zaɓi 5, kuma shawarar da za a ba shugabanni a kan waɗannan biyun ba ɗaya ba ce.

Sai alaƙa, sai rigireshan, inda za ka saka sauran abubuwan da ka iya shafar sakamako: shekarun aiki, yawan ɗalibai a aji, yawan kwasa-kwasan da malami ke ɗauke da su. Kada ka tsaya a kan cewa p, lambar da ake dubawa don a ga ko sa'a kaɗai na iya kawo irin wannan sakamako, ta gaza 0.05. Ka faɗi girman bambancin da harshen da magatakardan kwaleji zai gane, misali kwana nawa ne tsakanin masu yawan amfani da manhajar da masu ƙarancin amfani wajen miƙa sakamako.

Mataki na tara: rubuta abin da ka samu

Rahoto ya ƙunshi jimillar mutanen da binciken ya shafa, yadda aka zaɓa, adadin da aka aika wa da wanda ya amsa, lokacin tattarawa, asalin kowane ma'auni, da cikakkiyar takardar tambayoyin a rataye. Binciken da aka yi sau ɗaya a lokaci ɗaya ba ya nuna wane ne ya haifar da wane. Mai yiwuwa malaman da dama can masu tsari ne su suka fi rungumar Moodle, kuma da ba shi ma da sun riga kowa miƙa sakamako. Don haka ka rubuta cewa yawan amfani da manhajar yana tafiya tare da saurin miƙa sakamako, ka ajiye kalmar "ya haifar" har sai kana da rajistar malaman nan ta kafin zuwan manhajar da ta bayanta, ko ka sake tambayar mutanen nan a zango mai zuwa da lambobin sirrin da ka riga ka ba su.